Kasuwa da Sana'a: Dillalin kwamfuta a cikin salula

Manomin Tsauni da ɗansa ya shiga jami'ar Damagaram ya san wannan magana: "Baba, karatun nan sai da kwamfuta." Sabuwa ta fi ƙarfin talaka. Sai a sayar da raguna ko raken fadama, a nemi ta hannu.

Ta hannu kuwa daga nesa ta ke fitowa. Jirgin ruwa ya sauke ta a Ikko. Daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ta hau mota zuwa Kano, kasuwar Farm Centre ko titin Beirut. Sannan ta biyo ta Daura, ta ƙetare iyaka. Kafin ta iso ƙasar Matamaye ta bi hannuwa da yawa, kowa ya ɗora ribarsa.

Saurayin da ya iya gyaran salula yana iya gajarta wannan hanya, ya buɗe kasuwa a intanet. Wannan kasuwa ba ta da rumfa. Mai kaya ya ɗauki hoton kayansa, ya rubuta kuɗinsu. Mai saye ya gani a salularsa yana zaune a gida. Akwai manya irinta. An buɗe Jiji a Ikko a 2014, ana tallar komi a ciki, daga mota har takalmi. A 2019 ta saye harkar abokiyar gasarta OLX a Nijeriya. Saurayin ƙauye ba ya iya ja da Jiji. Amma yana da abin da ba ta da shi: an san shi, an san gidan ubansa. Zaure ɗaya na WhatsApp ya ishe shi farawa, kuma kaya iri ɗaya: kwamfuta da kayan gyaranta, watau batir, caja, gilashi da ma'ajiyar ciki.

Makiyayi ya san aikin dillali. Ranar Lahadi a kasuwar Mai'aduwa, dillali ne ya san mai saniya. In ta fito ta sata, shi za a nema. La'adarsa kuɗin amana ce. Mai kasuwar intanet ma dillali ne. Sai dai aikinsa ya fi wuya, don mai saye ba ya iya duba haƙoran kayan. Hoto kawai ya ke gani, hoto kuwa ba ya nuna ciwo.

Ciwon kuma yana nan da yawa. Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi bincike a tashoshin jiragen ruwa na Ikko a 2015 da 2016. An gano kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki na shigowa kowace shekara, har da talabijin da firji. Aƙalla tan 15,400 matattu ne. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan.

Don haka kada dillali ya tallata abin da bai kunna da hannunsa ba. Ya cire ta daga wuta, ya ga tsawon lokacin da batir zai yi. A ƙauye wannan ya fi komi, tun da cajin na hasken rana ne, kuma biya a ke yi. Ya danna kowane harafi. Ya duba ko gilashi yana da zane. Ya tabbata ba a kulle ta da lambar sirri ba, don kullalliya sau da yawa ta sata ce. Ya nemi takardar saye. Kayan gyara kuma sai an duba lambar da ke ƙarƙashin kwamfuta. Batirin HP ba ya shiga Dell. Ko a cikin HP ɗin ma, kowace da nata.

Akwai wani sabon abu. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran da ya saba. Windows shi ne tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Tsofaffi da yawa ba su iya ɗaukar Windows 11. Suna rubutu da lissafi lafiya lau, amma darajarsu ta ragu. Wajibi ne a gaya wa mai saye, a kuma rage masa kuɗi.

Saura maganar biya, inda a ka fi yin kuka. Aika kuɗi ta Nita ko Al Izza ba wuya, dawo da su ne wuya. Kada manomi ya aika wa wanda bai sani ba ko dala. Kuɗin su zauna hannun dillali har kaya su iso, a kunna a gaban shaidu. A ba mai saye kwana uku ya gwada. In ta lalace a ciki, a mai da masa kuɗinsa.

Dillali ya rubuta farashi da sefa, don naira tana hawa da sauka. Kada kuma ya karɓi jinginar kayan da ba su ƙetaro ba tukuna. An rufe iyaka a 2019, an sake rufe ta a 2023, kowane karo wata da watanni.