Raddi Ga Masu Cewa A Ɗora Hoto Yadda Kyamara Ta Ɗauko Shi

Akwai wata fatawa da ke yawo tsakanin matasanmu masu gina shafukan intanet, daga Gusau har Talata Mafara: wai ka ɗora hoto da girmansa, rigar shafin (theme) za ta daidaita shi da kowace waya. Wannan magana kuskure ce, kuma talaka ne ke biyan kuɗinta.

Sun ce rigar shafi tana rage hoto. A ido take ragewa, nauyin yana nan. Kyamara mai megafiksel 12 tana fitar da hoto mai faɗin fiksel 4000, nauyinsa ya kai megabait 3. Ƙananan wayoyin Tecno da itel da ke hannun mutanen ƙauye kuwa, da yawansu faɗin fuskarsu fiksel 720 ne. Wato wayar za ta sauko da fiksel ninki 30 na abin da za ta iya nunawa, sannan ta zubar da sauran. Shafi mai hotuna 10 irin waɗannan megabait 30 ne. Buɗewa 34 ta cinye gigabait guda. Kamar ka sa mutum ya biya kuɗin motar buhun gero daga kasuwar Mafara, alhali tiya ɗaya yake bukata.

Sun ce ragewa tana ɓata kyan hoto. To, wane kyau ne a hoton da bai buɗe ba? Faɗin fiksel 800 a tsarin WebP, wanda Google ya fitar a 2010, ya wadatar da irin waɗannan wayoyi, kuma sau da yawa ba ya wuce kilobait 100.

Sun ce WordPress yana yin aikin da kansa. Nan suna da ƙanshin gaskiya, don yana yanka hoto gida-gida, kuma tun Disamba 2015 yake barin waya ta zaɓi daidai ita ta hanyar srcset. Sai dai da sharaɗi: rigar ta kira hoton ta hanyar da aka tsara. Hoton da aka shimfiɗa a bayan rubutu ta CSS ba ya cikin wannan rabo, kuma galibi shi ne mafi nauyi, shi ne kuma a saman shafi.

Hujjar da ta fi ci mini rai ita ce wai yanzu sabis ya wadata. A ina? Mai faɗin haka yana gwada shafinsa ne da kwamfuta a cikin birni. Bai tsaya a ƙauyukan Maradun ko Bakura yana ɗaga waya sama ba. Ya kuma manta cewa a Janairu 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100.

Ɗan'uwa mai gina shafi, ka ajiye babban hoton a kwamfutarka. Ka fitar da faɗin 400 da 800 da 1600, sannan ka gwada shafin da ƙaramar waya a inda sabis ke da rauni kafin ka miƙa aiki.