Zarnin fitsarin mage a kafet: turaren wuta ba zai cece ku ba

1/ Jama'a, bari in faɗi wata magana da na san masu kaskon turare ba za su so ba. In mage ta yi fitsari a kafet ɗinku, ku ajiye turaren wutan nan. Ba ya kashe zarni. Aure kawai yake ɗaura musu, su haifi wani wari na uku da ya fi kowanne tayar da zuciya. Ku biyo ni a hankali.

2/ A gidanmu aka yi. Muzurun ƙanwata ya mayar da bayan kujerar falo makewayinsa. Hajiya ta ƙarar da kwalba biyu ta turare, aka bi da humra, aka bi da feshi. Ran da baƙi suka zo, wata gwaggonmu tana zama ta ce, "Jariri aka samu a gidan nan ne?" A daren Hajiya ta yanke hukunci: ko zarni ya fita, ko muzuru ya fita.

3/ Kafin ka yaƙi abu ka san shi. Kakannin mage dabbobin busassun ƙasashe ne, ƙodarsu ta saba tattalin ruwa. Shi ya sa fitsarinta ɗan kaɗan ne amma mai kauri. In ya kwana, ƙwayoyin bakteriya su narka shi ya saki amoniya, wato wannan abin da ke sukar hanci. Na muzurun da ba a fiɗiye ba ya fi muni, don yana ɗauke da wani sinadari, felinin, mai yawa.

4/ Babban mugun shi ne yurik asid. Ba ya narkewa sosai a ruwa. Yana bushewa ya maƙale a zaren kafet kamar gishiri. Da hunturu sai ka rantse wari ya tafi. Damina na sauka, iska ta yi laima, sai ga shi ya dawo kamar jiya aka yi. Duk wanda ya taɓa cewa "ai mun wanke, daga ina kuma?" to ga amsarka.

5/ Abin da ya fi damuna shi ne tsarki. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa ita mage jikinta da sauran ruwan da ta sha masu tsarki ne, amma fitsarinta najasa ne. A falon nan ake shimfiɗa sallaya, a nan yara ke rarrafe. Ƙamshi ba ya ɗauke najasa. In ka turara wurin ka bar shi, hancinka kawai ka yaudara.

6/ To me za a yi? In ɗanye ne, ka yi sauri. Samo tsohon tawul ko tsumma mai tsotse ruwa, ka ɗora ka taka da ƙafa. Dannawa ake yi, ba gogewa ba, don gogewa tana tura shi ciki ta faɗaɗa wurin. Ka zuba ruwan sanyi kaɗan, ka sake dannawa da busasshen tsumma. Yi haka sau uku ko huɗu.

7/ Ka haɗa ruwan khal fari da ruwa, kofi 1 da kofi 1. Jiƙa wurin sosai har ya wuce iyakar tabon, don abin da ya shige ƙasa ya fi abin da ido ke gani faɗi. Bar shi kamar minti 10, ka tsane. In ya fara shan iska ka barbaɗa bekin soda, ya kwana, da safe ka share. Kada ka zuba su lokaci guda. Kumfar tana burgewa a bidiyo, amma kashe juna suke yi.

8/ Gaskiya ɗaya: khal da soda suna rage wari sosai, amma tsohon tabo sai da ruwan wanki mai enzayim, wanda aka yi don fitsarin dabbobi. Shi ne ke farfasa abin da ya maƙale. Ana samu a shagunan kayan dabbobi da kuma ta intanet. Ka jiƙa wurin, ka ba shi lokacin da aka rubuta a jikin robar, ka bari ya bushe da kansa. Wani tabon sai an maimaita.

9/ Abin da ba a yi, don Allah ku riƙe wannan:
- Bilic irin su Hypo: in ya haɗu da amoniyar fitsari yana sakin iska mai ƙona ido da ƙirji, ga cinye launin kafet.
- Ruwan zafi ko dutsen guga: zafi na ƙara kama tabon.
- Maganin tsafta mai yin fari kamar madara a ruwa: irinsa guba ne ga mage, tana takawa ta lashe ƙafa.

10/ Ba ka san ainihin wurin ba? Nemo 'yar fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita. Kashe wutar ɗaki ka haska, busasshen fitsari zai riƙa ƙyalli. Mu wuri ɗaya muke zargi, sai muka ga uku. Ka kuma ɗaga kafet ɗin ka duba ƙasa. Soson da ke ƙarƙashi da siminti suna sha. In soson ya jiƙe, yanke wurin ka canja.

11/ Na san wani zai ce, "Duk wannan wahala a kan mage? A kai ta bayan gari a huta." Malam, ko ka kai ta Zariya daga Kano, zarnin na nan cikin kafet yana jiran damina, wankin bai sauka daga kanka ba. Kuma dabbar da ta saba da hannu, in ka jefar da ita, yunwa ko mota ce ƙarshenta. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare mage ba ci ba sha, tun muna Islamiyya muka san shi.

12/ Mage ba ta fitsari a kafet don mugunta, kuma duka ko goga mata hanci a wurin tsoro kawai yake ƙara mata. Dalilan sanannu ne: robar yashinta ta yi ƙazanta, ko ba ta da ita sam, ko an kawo sabuwar mage, ko muzuru ne ke sa alamar gidansa, ko ciwon mafitsara. Hancinta kuma ya fi namu nesa ba kusa ba, in ta ji ragowar wari za ta koma wurin.

13/ Ka ajiye mata roba mai faɗi da yashi a inda ba hayaniya, nesa da abincinta, ka riƙa kwashewa kullum. In magen biyu ne, roba uku. Fiɗiya a wajen likitan dabbobi tana rage wa yawancin muzurai wannan feshin. In kuwa ka ga muzuru yana tsugunawa yana nishi ba abin da ke fita, ko da jini, kada ya kwana. Toshewar fitsari na kashe shi cikin 'yan kwanaki.

14/ Namu an fiɗiye shi, an sa masa yashi, an yanke soso an yar, kafet ya sha wanki sau biyu da rana a kan katanga. Damina ta zo ta wuce ba mu ji komai ba. Hajiya ta ci gaba da kunna turarenta, wannan karon ƙamshinsa shi kaɗai ake ji. Muzuru na nan, har cinyarta yake hawa.

15/ Wanda ke da wata dabarar da ya gwada da hannunsa, ya ajiye mana a ƙasa. Wanda kuma abokinsa ke da mage kuma falonsa na "ƙamshi" fiye da kima, tura masa wannan, ba sai ka ce komai ba.