Jar Motar Maranello da Yaran Ɗambatta

A garuruwan arewacin Kano, daga Bichi zuwa Ɗambatta da Makoɗa, da wuya a rasa wani shago a bakin kasuwa ko tasha inda janareta ke kuka bayan sallar isha'i, yara sun yi cincirindo a gaban talabijin. Gidan gem ake ce masa. Mafi yawan abin da ake bugawa ƙwallon ƙafa ne, amma idan aka sa wasan tsere, ko yaro ya samu aron wayar yayansa mai ɗauke da Asphalt, akwai wata jar mota gajera, mai faffaɗan fiffike a baya, wadda hannu ke yawan kaiwa gare ta. Sunanta Ferrari F40. Ta girmi duk yaran da ke tuƙa ta a allon, ta girmi iyayen wasunsu ma.

Magidanta suna da ƙorafi a kan wannan shago, kuma ƙorafin yana da tushe. Wannan yanki na cikin ƙasar da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kanta tun a shekarun 1960, ya bayyana ta da cewa ƙasa ce mai cunkoson jama'a wadda gona ba ta hutawa: ana noma ta kowace shekara, ana raya ta da taki da gumin iyali. A irin wannan wuri hannun ɗan shekara goma sha uku ba abin wasa ba ne. Idan aka makara da noman fari, ciyawa ta sha kan gero, babu wata gonar da za a koma. Yaron da ya raba dare yana tsere ba zai riƙe fartanya da sassafe yadda ya kamata ba, kuma kuɗin da ya biya mai shago daga wani wuri suka fito. Saboda haka uban da ya hana ɗansa zuwa bai yi zalunci ba.

Sai dai hanin bai kai ga tushen maganar ba. Abin da ya ja yaron zuwa ga motar, wato sha'awar inji da mamakin yadda ƙarfe ke gudu, shi ne ainihin abin da wannan yanki yake ƙishirwarsa. Kuskuren da ake yi shi ne haɗa sha'awar da shagon a yi musu hukunci ɗaya. Tarihin motar kanta ya isa hujja.

An ƙaddamar da F40 a watan Yulin 1987 a garin Maranello na arewacin Italiya, domin bikin cikar kamfanin Ferrari shekara 40 da fara ƙera motoci. Ita ce mota ta ƙarshe da Enzo Ferrari ya sa wa hannu da kansa, domin ya rasu a watan Agustan 1988 yana da shekara 90. An yi niyyar ƙera guda 400, sai masu saye suka yi yawa har aka ƙera sama da 1,300 kafin a tsaya a 1992. Injinta bai cika lita 3 ba, girman da ba ya ba kowa tsoro, amma yana fitar da ƙarfin doki 478, kuma motar na kaiwa kilomita 324 a awa ɗaya. Ma'ana, fiye da kilomita biyar a kowane minti.

Sirrin wannan ƙaramin inji shi ne turbo guda biyu da aka ɗora masa, ƙirar kamfanin IHI na Japan. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya riga ya san dabarar. Gawayi na ci a hankali, amma da an kama zugazugi sai wuta ta yi fari, ƙarfe ya yi laushi. Inji ma wuta ce a rufe, kuma iyakar ƙarfinsa iyakar iskar da ya shaƙa. Turbo zugazugi ne mai zuga kansa: hayaƙin da zai fita ta salansa a banza shi ake bi da shi ta kan wata ƙaramar fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke tura iska cikin injin da ƙarfi. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, ƙarfi ya ninka. Aibin dabarar a wancan zamani shi ne jinkiri. Direba zai taka totur, motar ta yi kamar ba ta ji ba, sai hayaƙi ya taru sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya kamar an sako ingarma daga turke. Idan hakan ya same shi a tsakiyar kwana, bayan motar ne zai riga gabanta.

Rabin na biyu na sirrin shi ne rashin nauyi. An yi gangar jikinta da zaren kabon da Kevlar da alminiyam, nauyinta bai wuce kilo 1,100 da 'yan kai ba. Babu rediyo, babu kafet, ko mariƙin buɗe ƙofa daga ciki babu, igiya ake ja. Sitiyari da birki ba su da wani mataimaki, ƙarfin dantse da na ƙafa ne kawai. Abokiyar hamayyarta ta Jamus, Porsche 959, ta bi wata hanya dabam, an cika ta da na'urori masu gyara wa direba kuskurensa. Masu yin wasannin kwamfuta sun gane daɗin wannan gaba tun da wuri: a 1989 wasan Test Drive II ya kara motocin biyu, kuma daga nan F40 ta bi ta cikin Gran Turismo da Forza da Need for Speed har ta sauka a wayar da ake caji da hasken rana a ƙauyukan Kunchi.

A nan ne wasan yake yin ƙarya, kuma ƙaryar iri biyu ce. Ta farko kowa ya san ta. A allo mota ta daki bango a kilomita ɗari uku, a danna maɓalli, ta miƙe sabuwa ful. Motar da ƙwararrun direbobi ke shakka ta zama abin da babban yatsa ke juyawa. Yaron da ya koyi gudu a haka, abin hawan da zai fara samu a zahiri babur ne, Bajaj ɗin wansa ko na haya, a kan titin Kano zuwa Kazaure inda tirela da amalanke da garken awaki ke raba kwalta ɗaya, kuma babu hular kwano. Ba wasan ne ya ƙirƙiro ganganci ba, ana wasa da babur a bukukuwan aure tun kafin wayar hannu ta zo. Amma wasan na koyar da cewa karo ba shi da farashi, alhali masu ɗori sun san farashinsa.

Ƙarya ta biyu ita ce ba a lura da ita, kuma ta fi illa. Wasan yana nuna motar, yana ɓoye garin da ya haife ta. Yaro na ɗauka daga wata aljannar duniya ta sauko, wurin da babu ƙura babu kashin shanu. Maranello kuwa ƙaramin gari ne a lardin Modena, mutanensa ba su kai dubu ashirin ba, kewaye da gonakin inabi da na kiwon shanun madara. Da Enzo Ferrari ya mayar da masana'antarsa can a 1943, ƙauyen manoma ya tarar. Bai jira gwanaye su zo daga birni ba, ya kafa makarantar koyon sana'a a garin, wadda har yau take aiki da sunan Alfredo Ferrari, kuma 'ya'yan manoman yankin ne suka zama masu zuba ƙarfe da masu ɗaura inji. Maƙwabcinsa kuma abokin gabarsa, Ferruccio Lamborghini, ɗan manomi ne da ya fara da ƙera tarakta a 1948 daga ragowar kayan yaƙi, sai a 1963 ya shiga ƙera motar gudu. Gareji da gona tare suka tashi a wannan ƙasa.

Kano ta taɓa samun nata rabo daga hannun Italiya ɗin nan. Kamfanin Fiat, wanda ya sayi rabin Ferrari a 1969, shi ne abokin haɗin gwiwar gwamnatin Nijeriya a masana'antar National Trucks Manufacturers da aka kafa a Kano domin harhaɗa manyan motoci da taraktoci. Ba ta yi nisa ba ta durƙushe a shekarun 1980, lokacin da kuɗin mai ya ja baya, kayan haɗi daga waje suka gagara. An kawo masana'anta ne ba a shuka masu ƙera kayanta ba. Maranello ta fara daga yaro da makaranta, mota ta biyo baya.

Yaran kuwa suna nan, kuma aikin na jiransu. A bakin madatsar ruwa ta Thomas da ta Watari, noman rani ya dogara ne ga ƙananan injinan ban ruwa. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya nemi cinye ribar tumatir da albasa, sai kanikawan gefen hanya suka shiga mayar da injinan su koma amfani da iskar gas. Ba wanda ya ba su takardar shaida a kan haka. Manyan motocin da ke kwasar hatsi daga kasuwar Dawanau mafi yawansu turbo ne a jikin injinsu, dabara ɗaya da ta F40, kuma idan ya lalace sai an nemi mai gyara a cikin birni. Injin niƙa, injin casar gero, famfon hasken rana, Keke Napep, kowanne na neman wanda ya fahimci dalilin aikinsa, ba wanda ya haddace wurin da ake bugawa da guduma ba.

Cibiyoyin ma akwai su. Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha tana Bichi, Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako tana Ɗambatta, makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa kuma tun 1977 take koyar da ɗalibai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gada tsakanin bencin gidan gem da ƙofar waɗannan wurare. Malamin kimiyya a ƙaramar sakandare zai iya ɗaukar tambaya guda, me ya sa injin da bai cika lita uku ba ya fi na babbar jif ƙarfi, ya koyar da matsin iska da zafi da nauyi na tsawon zango ɗaya, yaran ba za su yi gyangyaɗi ba. Tsohon turbo da aka cire daga tirela ba ya wuyar samu a wajen masu gwangwan, kuma a buɗe shi a gaban aji ya fi zanen allo goma. Uba kuma yana da abin da ya fi bulala: ciniki. A gama noma, a je shago ranar kasuwa kawai, sauran yammacin rani kuma a yi su a garejin mai gyaran injin ban ruwa.

Za a ce kallon kitse ake yi wa rogo, wane ɗan Tsanyawa ne zai taɓa ganin F40 da idonsa? Gaskiya ne. Motar da ake sayarwa a gwanjo sama da dala miliyan biyu ba ta hanyar Kunchi ba ce, kuma ko kyauta aka kawo ta, tsakanin cikinta da ƙasa bai kai taƙi ɗaya ba, kunyar gero ta fi ƙarfinta. Amma yawancin mutanen da suka ɗaura injinta a 1987 su ma ba su taɓa mallakar ta ba. Da aka tashi daga aiki, ƙaramar Fiat ko keke suka hau suka koma gida, wasunsu suka tarar da shanu na jiran tatsa.