Motar Lantarki: A Kai Caji Inda Mota Ke Wuni

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, duk mai abin hawa tsakanin Ikara, Makarfi da Kudan ya koma ɗan lissafi. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Shi ya sa na rabu da tsohuwar motata, na sayi ƙarama mai lantarki ta hannu, wadda nake zuwa aiki da ita daga Hunkuyi zuwa Zariya. Masu cewa sai an cika ƙasar nan da tashoshin caji mai sauri sannan motar za ta yi mana amfani, ban yarda da su ba.

Caji iri biyu ne. Mai sauri kan kai batir kashi 80 cikin ɗari a kamar awa guda, amma yana zuƙar kilowat 50 ko fiye, nauyin da taransfomar ƙauye ba za ta ɗauka ba ga kuma gidajen jama'a a kanta. Soket ɗin gida kuwa kilowat 2 zuwa 3 yake bayarwa, awa guda ta ba ka tafiyar kilomita 12 zuwa 15. Idan mota ta kwana a jone, ta samu abin da zai kai mutumin Makarfi Zariya ya dawo da shi.

Wahalar tana wurin kwanan. Na saba barin ƙwan tsakar gida a kunne, da ya haska cikin dare sai in fito da fitilar waya in duba ko cajar ta kama. Wani lokaci wutar kan zo ba ƙarfi, fanka na juyi da ƙyar, caja ta yi jan ido ta ƙi karɓa. Ranar da ɗaurin aure ya kai ni Kano kuwa, tun daga Tashar Yari nake kashe na'urar sanyi, idona a kan ma'aunin batir, ina tunanin gidan ɗan'uwan da zan roƙa ya bar ni in jona. A Oktoban 2024, da Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu, duk wanda ya dogara da wutar gwamnati kaɗai ajiye motarsa ya yi.

Duk da haka riba a fili take. Batirin Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas, kilowat-awa 64 ne. Ko a farashin wutar lantarki na rukunin A na Afrilun 2024, naira 225 kowane kilowat-awa, kuɗin cika shi 14,400 ne, kuma zai yi tafiyar kilomita 400. Motar fetur sai ta sha lita 30 ko fiye kafin ta kai nan. Mai lantarki kuwa, ba juyen baƙin mai, ba canjin fulogi.

Abin da muke da shi a yalwace rana ce da lokaci. Motar da ta kawo kaya kasuwar rake ta Makarfi wuni take yi a tsaye. Haka motar malamin kwalejin lafiya ta Shehu Idris, da ta ma'aikacin sakatariyar Ikara, da ta direban da ke jiran layi a tasha. Rumfa mai farantan sola da soket goma a irin waɗannan wurare ta fi mana tashar caji mai sauri guda a Kaduna. Yadda samarinmu suka mai da cajin waya sana'a a kowane lungu, haka za su riƙe wannan. An ma riga an fara: hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu, ta kafa tashar caji mai sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya mai da ƙananan bas-bas na fetur masu lantarki. Manoman ranin Kudan ma sun fara ban ruwa da famfon sola.

Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin nan uku shi ne su ware fili a kasuwa da tasha, su haɗa kai da ƙungiyar direbobi da ta 'yan acaɓa, a fara da babur da A Daidaita Sahu, waɗanda batirinsu ƙarami ne kuma su ne abin hawan talaka. A tura yaran garejinmu su koyi gyaran batir tun yanzu. Kuɗin da ake kaiwa gidan mai kullum, gara ya tsaya a aljihun ɗan garinmu mai rumfar sola.