Tukunyar ƙarfe: Gidan mutum biyu ba ya buƙatar kaskon gidan biki

Idan ana haɗa wa amarya kayan kicin, ido ya fi karkata ga babba. Iyaye mata na son ranar jere a ga tukwane sun cika kanta, a ce an yi ƙoƙari. Da tukwanen dalma wannan ba wata asara ba ce, domin ba su da nauyi, kuma wadda ba a girki da ita za ta iya shekara a sama ba abin da zai same ta.

Amma yanzu da kasake da tukwanen baƙin ƙarfe na zubi suke shiga kicin ɗin matan birni, ya kamata a sake lissafi. A gidan da ake girkin mutum biyu ko uku, sayen babba a wannan nau'in kuskure ne mai tsada.

Nauyi shi ne abin da mai saye ba ta gani a hoton Instagram. Kaskon kamfanin Lodge na Amurka mai faɗin santimita 26 ya ɗan haura kilo 2. Wanda ke gaba da shi, mai santimita 30, ya kai kusan kilo 3 da rabi, tun kafin a zuba masa mai ko nama. Macen da za ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta juye abinci, ta wanke, ta mayar kan wuta ya bushe, sau biyu a rana, ba za ta yi mako uku ba za ta koma wa tsohon kaskonta. Shi kuma baƙin ƙarfe ba ya son ajiya. Yawan suya ne ke gina masa baƙin santsin nan da ke hana abinci kamawa. Idan aka jingine shi damina guda, tsatsa ce za ta gaje shi.

Babbar matsalar ma tana wajen wuta. Ƙarfen zubi yana riƙe zafi sosai, amma ba ya yaɗa shi da sauri kamar dalma. Ƙananan gidaje da yawa na girki ne a kan ƙaramar silindar gas mai kilo 3 ko 6, wadda bakin wutarta bai wuce tafin hannu ba. Idan aka ɗora kasko mai santimita 30 a kai, tsakiya za ta yi zafi ƙwarai, gefe kuma yana nan da ɗumi kawai. Ƙosan tsakiya ya ƙone, na gefe ya sha mai. Sai uwargida ta ce kaskon ne ba shi da kyau, alhali ya fi ƙarfin murhunta ne. Ga gas ɗin da za a ƙona kafin wannan uban ƙarfe ya ɗau zafi, don soya ƙwai biyu.

Man gyaɗa ma yana cikin lissafin. Cikin kasko mai santimita 30 ya ninka na mai santimita 20 fiye da sau biyu, don haka man da zai nutsar da dankali a ƙarami, a babba shafa kawai zai yi.

Masu cewa a sayi babba suna da hujja: iyali na ƙaruwa, baƙi na zuwa, ga Sallah ga suna. Gaskiya ne. Sai dai waɗannan ranaku ba su fi a ƙirga da yatsu ba a shekara, kuma babu gidan Bahaushe da ya rasa babbar tukunyar dalma ko maƙwabciyar da za ta ara masa. Kafin yara su kai shekarun cin tuwo malmala biyu, an daɗe da cin moriyar ƙaramar, kuma ba za ta rasa aiki ba ko an ƙaro babba.

Wannan ba yana nufin a sayi mafi ƙanƙanta ba. Kasko mai santimita 20 ya dace da wainar ƙwai ko ɗumame, amma idan aka cusa masa naman kaza sai ruwa ya fito, suya ta koma dahuwa. Ga gidan mutum biyu zuwa uku, mai santimita 26 ne tsaka-tsaki. A tukunya kuwa, mai cin lita 3 zuwa 4 ta isa dafa-duka ko farfesu, har a bar wa muciya wurin juyawa idan tuwo za a tuƙa. A ma'aunin kamfanin Le Creuset na Faransa, wannan ya yi daidai da tukunya mai faɗin santimita 22 ko 24.

Wadda miyar tumatir ko ta yakuwa ce girkinta na kullum, gara ta nemi tukunya mai rufi mai santsi kamar tangaran a ciki, domin tsami idan ya daɗe a kan wuta yana cinye santsin baƙin ƙarfe, ya bar wa miya ɗanɗanon ƙarfe.

Kafin a shiga kasuwa, a auna faɗin kan murhun gida, a kuma riƙe ɗan maganaɗisu a jaka. Akwai tukwanen dalma masu kauri da ake yi wa baƙin fenti, waɗanda a ido ba a bambanta su da ƙarfen zubi. Maganaɗisu yana kama ƙarfe, ba ya kama dalma. Idan ya kama, sai mai saye ta ɗaga kaskon da hannu ɗaya ta riƙe na ɗan lokaci, tun kafin ta tambayi kuɗinsa.