Tramol a Gure: darasin da lakwal ta manta

Kowace shekara, ran 26 ga watan Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 1987 domin yaƙi da miyagun ƙwayoyi, hukumomi kan yi jawabi, a cinna wa abin da aka kama wuta, a watse. Doka ba ta yi ƙaranci ba: Nijar na da dokar yaƙi da ƙwaya tun 1999, kuma a watan Maris na 2021 an kama tan 17 na wiwi a Yamai. Duk da haka tramol bai bar tashar mota da kasuwar Gure ba.

Jandarma yakan tambayi yaro abin da ya sha. Ba mai tambayarsa abin da ya sa ya sha. Wannan tambaya ta biyu aikin ilimin zaman jama'a ce, kuma lokaci ya yi da za ta shiga koleji da lise.

Darasin a fili yake. Tramol maganin ciwo ne da likita ke bayarwa miligiram 50 ko 100, amma na fasa-ƙwauri, mai fitowa daga Indiya ta tashoshin ruwa irin na Kwatano da Lome, yakan kai 225. Ɗan dako, ɗan kabu-kabu da ɗan ƙwadago a gona suna haɗiyarsa don su jure aikin da ya fi ƙarfin jikinsu. Giya tana da wari, mashayinta na ɓuya don kunyar gari. Ƙwaya kuwa ba ta wari, ana jefa ta cikin shayi a fadar samari, dattijo ya wuce bai sani ba. Ɗalibin da ya gane haka ya san inda tarkon yake.

Wasu iyaye za su ce koyar da wannan talla ce ga ƙwaya. To, ai mai tallar ya riga malami isa wurin yaro.

Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wadda aka kafa a 2010, tana yaye masana zaman jama'a. Ma'aikatar ilimi ta turo su Gure su horar da malamai. Ɗan kasuwar da ke biyan dako buhu-buhu, yana murna da yaron da ba ya gajiya, shi ma ya zo ya ji darasin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.