A Sayi Waya Kafin a Sayi Inji

'Yan'uwa, da an gama girbi, da yawa cikinmu sukan koma aikin kafinta a gida. Yanzu waɗansu sun sami injin zarto da na huda katako masu aiki da lantarki, mun kuwa yi murna da haka. Amma cikin yawon da muke yi a ƙauyuka mun ga abin da ya dame mu. Mutum ya zuba kuɗin hatsinsa a kan inji, sa'an nan ya jawo masa wuta daga ɗakin kwana da siririyar waya irin ta fitila. Wani ma ko filogi ba shi da shi, sai ya cusa bakin waya cikin soket ya danne da tsinken ashana.

A ganinmu wannan ba tsimi ba ne, hasara ce. Ga dalili. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, soket mai amfiya 13 kuwa iyakacin abin da zai ɗauka wajen wat 3,000 ne. Injin zarto na hannu shi kaɗai yakan ci wat 1,200 zuwa 1,800, a lokacin tashi kuma yakan ja fiye da haka ƙwarai. In waya ta yi siriri sai ta yi zafi, robarta ta narke, ga garin katako a ƙasa yana jira. In ta cika tsawo kuma, wutar takan isa da rauni, injin ya yi ta nishi har ya ƙone.

Saboda haka muna ba da shawara a jawo wa rumfar aiki layinta dabam, da waya mai kauri milimita 2.5, da fis nata. A tabbata akwai wayar ƙasa, wato mai launin kore da rawaya, gama ita ce ke kai wuta ƙasa in ta zubo jikin inji. A sa kuma makunnin nan mai yanke wuta da kansa, na miliamfiya 30. Da damina, sa'ad da ƙasa take da laima, shi ne tsakanin kafinta da mutuwa.

Mai janareta ya ajiye shi waje, nesa da taga, don hayaƙinsa yana kisa. Kada a haɗa shi da wayar gida sai da makunnin canji. In wuta ta kama waya, a kashe babban makunni, a zuba yashi, ban da ruwa. An tashi aiki, a zare filogi saboda yara.

Wani zai ce ma'aikacin lantarki yana da tsada. Gaskiya ne, amma ai amfanin ƙungiya ke nan. A taro na gaba sai a haɗa kuɗi a kira gwani ɗaya ya zaga rumfunan membobi duka. Araha ba ta ado, inji kuma ana sake saye, amma rai ba a sayar da shi a kasuwa.